Tsando da Hanyar Shanu: Tarihin Wata Gwagwarmaya daga Bawku zuwa Salaga

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin fataucin Gwanja ya san sunan Salaga, ya kuma san goro da kanwa da ayarin jakuna. Abin da ba a cika ambata ba shi ne wani ƙuda mai launin ƙasa, wanda bai fi ƙudan gida girma sosai ba, amma ya daɗe yana da hannu wajen yanke inda doki zai tsaya, da inda saniya za ta rayu, da inda manomi zai kafa gida. Wannan ƙuda shi ne tsando. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa dabbobi sammore, take kuma sa mutane ciwon barci.

Wannan maƙala za ta bi sawun gwagwarmayar da aka yi da tsando a arewacin ƙasar Gana, a yankin da ya taso daga Bawku, ya bi ta Gambaga da Yendi, ya sauka Salaga. Darasin da tarihin ke ɗauke da shi guda ne: an fi samun galaba a kan ƙwaro idan aka san yadda yake hayayyafa da inda yake fakewa, kuma galabar ba ta ɗorewa sai mutane sun zauna a ƙasar da aka ƙwato sun ci gaba da aikinta.

Halin tsando

Kafin a shiga tarihin, ya kamata ɗalibi ya san abokin gaban. Yawancin ƙwari suna dogara ne da yawan ƙwai. Ƙudan gida mace takan zuba ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta, ta tafi ta bar su, wanda ya rayu ya rayu. Tsando ya saɓa wa wannan. Macensa ba ta zuba ƙwai a waje. Takan riƙe ƙwai ɗaya tak a cikinta, ya ƙyanƙyashe a can, ta ciyar da tsutsar da wani ruwa mai kama da nono har ta girma, sannan ta ajiye ta a ƙasa mai laushi da inuwa. Tsutsar takan nutse cikin ƙasa nan da nan, ta yi kamar wata guda, sannan ta fito a matsayin ƙuda. Tsakanin haihuwa da haihuwa kwana 9 ne zuwa 10. Saboda haka macen da ta yi tsawon rai ma da wuya 'ya'yanta su wuce goma.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, al'ummar tsando ba ta iya cike gurbin da ta rasa da sauri. Masanin tsando John Hargrove, wanda ya yi aiki a Zimbabuwe, ya nuna cewa idan aka iya kashe kimanin mata 4 cikin kowane 100 a kullum, aka ɗore a kan haka, to al'ummar za ta ƙare. Na biyu, tsando ba ya rayuwa sai da inuwa da laima, domin zafin rani da bushewar hunturu suna kashe shi, suna kuma kashe tsutsarsa a ƙasa.

Tsando iri-iri ne, kuma kowane iri ya kama nasa wuri, kamar yadda halittu masu cin abinci ɗaya kan raba fage don kada su yi ta karo. A arewacin Gana iri uku aka fi sani. Akwai Glossina palpalis, mai son kurmin bakin kogi mai duhu da damshi. Akwai Glossina tachinoides, wanda shi ma ɗan bakin rafi ne, sai dai ya fi jure bushewa, don haka ya fi nausawa arewa. Waɗannan biyun suna shan jinin kada da guza da duk abin da ya zo shan ruwa, har da mutum. Na uku shi ne Glossina morsitans, ɗan fili, mai bin namun daji irin su gyado da ɓauna a cikin dajin da babu mutane.

Doki, jaki da iyakar kurmi

Daulolin Mamprusi da Dagomba da Gwanja duk dauloli ne na mahaya. Nayiri a Nalerigu, kusa da Gambaga, da Ya Na a Yendi, da sarakunan Gwanja, ƙarfinsu a kan doki yake. Amma doki dabba ce da sammore ke saurin kayarwa. Gwargwadon yadda aka nausa kudu, gwargwadon yadda rayuwarsa ke gajarta, shi ya sa sarakunan suka riƙa sayo sababbin dawaki daga arewa. Tonawa kuwa, wato mutanen Asante da ke cikin kurmi, ba su kafa rundunar dawaki ba, sai suka dogara da bindigogin da suke samu daga bakin teku.

Matsayin Salaga ma yana da nasaba da wannan iyaka. Goro ɗan kurmi ne, jaki kuma ɗan fili. 'Yan dako ne ke ɗauko goro a ka daga ƙasar Tonawa, fatake kuma su zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, bayan tafiyar watanni. Dokar sarakunan Asante ta hana baƙi shiga kurmi tana cikin dalilan da suka sa aka haɗu a Salaga, amma ko ba don ita ba, madugu ya san cewa dabbobinsa ba za su daɗe ba idan ya wuce can. Haka nan manoman yankin suka riƙe ƙananan shanu marasa tozo, dangin muturu, waɗanda jikinsu ya saba da cutar. Manyan shanu masu tozo kuwa, a kudu baƙi ne masu jiran wuƙa.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo wa yankin da masifu a jere. Mayaƙan Zabarmawa a ƙarƙashin Babatu, wanda kabarinsa ke Yendi, sun watsa ƙauyukan Gurunsi. Yaƙin basasa ya rushe Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare. Rundunar Samori ta shiga yammacin Gwanja bayan 'yan shekaru. A daidai wannan zamani annobar bushiya, wadda ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya a 1887, ta iso Afirka ta Yamma ta kashe shanu ba adadi. John Ford, a littafin da ya wallafa a 1971 game da cutar tsando a Afirka, ya yi bayanin abin da irin wannan hali ke haifarwa: idan gona ta zama kufai, garke ya ƙare, daji yakan komo, namun daji su biyo shi, tsando kuma ya biyo su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanyar shanu ta gabas

Turawan Ingila sun fara kafa hedikwatar mulkin arewacin Gwalkwas a Gambaga, kafin su mai da ita Tamale a 1907. Yendi kuwa ta faɗa hannun Jamus har zuwa 1914. Da noman koko da haƙar zinariya suka bunƙasa a kudu, sai buƙatar nama ta ƙaru a Kumasi da garuruwan ma'adinai, kuma ba inda za a samo shi sai arewa. Aka riƙa koro shanu da ƙafa daga ƙasar Mosi da bayanta, su shigo ta tashoshin killace dabbobi irin na Mogonori da Pusiga a yankin Bawku, su ratsa ƙasar Mamprusi da Dagomba, su sauka Salaga, su ƙetare Kogin Bolta a Yeji, su huta a Prang, inda Hausawa dillalan shanu suka yi kaka-gida, sannan su ƙarasa Kumasi. Wannan ita ce ake kira hanyar shanu ta gabas.

Kowace mashaya da kowane mashigin rafi a wannan hanya tarko ne. Saniya takan baro arewa da ƙiba, tsando ya cije ta a hanya, ta isa kasuwa a rame, in ma ta isa. Tun a 1895 David Bruce ya gano a ƙasar Zulu cewa tsando ne ke yaɗa cutar dabbobin, don haka abin da ya rage shi ne sanin inda yake zaune da yadda za a kore shi. Masana ƙwari biyu, A. W. J. Pomeroy da K. R. S. Morris, suka duƙufa a kan wannan hanya, suka wallafa sakamakon bincikensu a 1932. Sun lura da yadda ƙudan ke bazuwa da damina, da yadda yake tattaruwa a 'yan wurare da rani, suka kuma gwada sare itatuwa a inda hanya ke ƙetare ruwa. A wannan zamani ne kuma J. L. Stewart, shugaban sashen dabbobi, ya sa aka share bakin Kogin Nabogo domin kare tashar dabbobi ta Pong-Tamale, inda ake yi wa shanu rigakafin bushiya.

Ciwon barci a gindin dutsen Gambaga

Ana cikin batun shanu sai al'amari ya koma kan mutane. A farkon shekarun 1930 ciwon barci ya ɓarke a arewacin Gwalkwas, ya fi tsanani a wurare biyu: yankin Lawra da Tumu a yamma, da ƙasar Mamprusi a gabas, musamman ƙauyukan da ke jikin dogon dutsen Gambaga. Daga wannan dutse rafuka ke gangarowa cikin kwazazzabai masu inuwa. Da rani, idan ruwa ya janye, mata masu ɗiban ruwa da yara masu kiwo da tsando duk sukan haɗu a ƴan tafkunan da suka rage. Ba a buƙatar ƙuda mai yawa kafin cuta ta yaɗu. Ƙuda kaɗan da ke cizon mutane guda kullum sun fi dubban da ke cikin daji haɗari. Sababbin hanyoyin mota da tafiyar 'yan ci-rani zuwa gonakin koko kuma suka riƙa kai ƙwayar cutar daga wannan rafi zuwa wancan.

Cutar takan fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, daga baya ta hau ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, ya rame, ya mutu in ba a yi magani ba. An buɗe sansanin jinya a Nakpanduri, a kan dutsen. A 1937 gwamnati ta kafa gangami na musamman, likita G. Saunders yana kula da ɓangaren magani, Morris yana kula da ɓangaren ƙuda, Gambaga kuma ta zama ɗaya daga cibiyoyin aikin. Ma'aikata 'yan ƙasa da aka horar suka riƙa bin ƙauye-ƙauye suna tara jama'a, suna lalube wuyan kowa, suna duba ruwan kaluluwa da madubin likita, suna yi wa masu cutar allura. Maganin na da guba a cikinsa, har yakan taɓa idon wasu. Duk da haka ya rage yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar, kuma waɗannan ƙungiyoyi masu yawo su ne tushen rundunonin lafiya na karkara da Gana ta gada.

Sara da zaɓe

Morris ya ga cewa magani kaɗai ba zai isa ba muddin ƙudan na nan. Ya kuma ga cewa share bakin kogi ƙurmus aiki ne mai tsada, mai barin ƙasa tsirara. Dabarar da ya fito da ita ta ginu ne a kan lagon tsando da muka ambata. Tun da a tsakiyar rani ƙudan kan takura a cikin wasu 'yan itatuwa da sarƙaƙƙiya masu rufe ruwa da inuwa, to waɗannan kaɗai za a sare, a bar dogayen itatuwa masu tsayayyen jiki. Idan aka yi haka daga mafarin kogi har ƙarshensa, tare da duk rassansa, sai rana da iskar hunturu su ƙarasa aikin. Ya gwada wannan a kwarin Kogin Kamba, a yankin Lawra, tun daga 1940, ƙudan ya ɓace daga kwarin, masu kamuwa da cutar suka ragu ƙwarai, wasu manoma kuma suka koma suka yi gonaki. Ya kuma ƙera wani tarko na buhu mai siffar ƙaramar dabba, wanda har yau ake kira da sunansa.

Sai dai aikin yana da nasa nauyi. Talakawa ne suka yi saran, ta hannun sarakuna, a lokacin da suke da nasu ayyuka. Wasu kurmukan wuraren tsafi ne da masu ƙasa ba su yarda a taɓa ba. Itacen da aka sare kuma tohowa yake yi, sai an koma masa shekara-shekara. Game da tsandon fili, an gwada wata hanyar, wato harbe namun dajin da yake sha. Wani sashe na ƙasar Mole, a yammacin Gwanja, an taɓa ware shi domin wannan aiki. Daga baya aka yi watsi da manufar, a 1958 aka mai da wurin gandun namun daji, yau kuma shi ne gandu mafi girma a Gana.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi

A shekarun da Morris ke aiki a Gwalkwas, T. A. M. Nash yana irin nasa a Anchau, cikin lardin Zariya, inda aka share rafuka aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Nash ya lura da wata ƙa'ida: tsandon fili yana zaune lafiya inda mutane ba su kai 40 a murabba'in mil ba, yana raguwa idan suka wuce haka, ba a kuma samunsa inda suka haura 100. Dalilin a fili yake. Manomi na sare daji, mafarauci na korar gyado, sai ƙuda ya rasa inuwa da abinci. Mutum da tsando kishiyoyi ne a kan ƙasa ɗaya, wanda ya fi yawa shi ke da ita. Tsandon rafi ne kawai ke iya saura a cikin jama'a, domin ɗan siririn kurmi ya ishe shi, jinin mutum da na dabbar gida kuma abincinsa ne.

Ƙasar Bawku ta nuna ɗaya fuskar wannan ƙa'ida. Tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a arewacin Gana, Kusasawa suna noma gero da dawa a gindin gidajensu shekara bayan shekara har ƙasa ta gaji. Amma a tsakiyar ƙarni na 20, wanda ya gangara kwarin Farin Bolta ko Jan Bolta sai ya tarar da ƙasa mai kyau babu kowa, sai kufai. A nan wani ƙuda ne na biyu ya yi sarauta, ɗan ƙaramin baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu, mai sa wa mutum tsutsar da ke kawo ƙaiƙayi da makanta. Binciken likita B. B. Waddy a ƙarshen shekarun 1940 ya bayyana yawan makafin da ke ƙauyukan bakin kogi.

A 1966 masanin labarin ƙasa John Hunter ya wallafa nazarinsa a kan Nangodi, yamma da Bawku, ya nuna cewa abin zagaye yake yi. Yunwar ƙasa takan tura wasu iyalai zuwa bakin kogi. Da yake su kaɗan ne, cizon da ya kamata ya rabu a kan dubban mutane sai ya taru a kansu. Bayan shekaru magidanta su makance, matasa su gudu, waɗanda suka saura su ƙara shan cizo, ƙauye ya mutu, a ja da baya zuwa tudu. Idan tudu ya sake cika, jikoki sun manta, sai a sake gangarowa. Wannan ya nuna cewa korar tsando daga kwari ba ta isa ta sa a zauna a cikinsa ba, domin akwai wani mai gadin a bakin ruwan.

Magani daga sama

A 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka ƙaddamar da shirin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe bakwai, har da Gana, hedikwatarsa tana Wagadugu. Jirage suka riƙa zuba magani a wuraren da baƙin ƙudan ke hayayyafa, mako-mako. Nan ma lissafin rayuwa ne ya yanke tsawon aikin: tsutsar kan rayu a jikin mutum har kimanin shekara 14, saboda haka dole a danne ƙudan fiye da haka. A 1980 aka tarar ƙudan ya fara jure maganin farko a ƙasar Kwaddibuwa, sai aka koma sauya magunguna bi da bi, ciki har da wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta ta ƙasa. Daga 1987 aka sami ƙwayar Mectizan kyauta. Da aka rufe shirin a 2002, mutane sun riga sun koma noma a kwaruruka da dama.

Tsando kuwa bai ƙare ba. A taron shugabannin Afirka na Lome a 2000 aka yanke shawarar kawar da shi daga nahiyar. A 2010 jirage suka yi feshi sau huɗu a jere a kan kogunan Jihar Arewa maso Yamma ta Gana, aka tsara tazarar feshin yadda ƙudan da ya fito daga ƙasa zai mutu kafin ya haihu. Yawansa ya faɗi da kimanin kashi 98 cikin 100, amma ragowar da ta ɓuya a kurmi mai duhu ta tsira. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ciwon barci ya daina zama matsalar lafiyar jama'a a Gana. Sammore dai yana nan, makiyaya suna ta sayen allura, ana kuma kafa tarkunan shuɗi da baƙin ƙyalle a mashaya, ana shafa wa shanu maganin ƙwari.

Kammalawa

Ɗalibin da ya bi wannan tarihi zai ga cewa kowace nasara ta zo ne daga amsa tambayoyi ƙalilan: sau nawa ƙwaron ke haihuwa, ina yake fakewa a lokacin da ya fi rauni, wa yake ci, kuma wa zai zauna a wurin bayan an kore shi. Morris ya amsa ta biyu, ya kori ƙuda daga kwarin Kamba da gatari. Masu feshin 2010 sun amsa ta farko, suka kusa ƙarar da shi. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi wuya, domin amsarta tana hannun manomi da makiyayi, da wanda ke raba musu ƙasa. A yau shanu masu tozo suna kiwo a sassan Gwanja da Dagomba inda a dā ba sa kai labari, saboda gonaki sun cinye dajin da tsando ke fakewa. Da ƙudan ya ja da baya, sai takarar ta koma tsakanin garma da garke a kan kwarin da aka ƙwato, kuma har yanzu ba a gama raba wannan gardama ba.